Daɓe da Dusar Dutse

Autata tana da wata tara a duniya lokacin da buhun dutse na farko ya shigo gidanmu. Da ita nake auna duk abin da ya faru a shekarun nan, don haka da ita zan fara. Yarinya ce ɓulɓul mai kumatu, ga wayo tun lokacinsa bai yi ba. Ana yin sallama a zaure ita za ta riga kowa amsawa da gwarancinta. Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, kuma na same ta ne bayan na fara fid da rai da haihuwa. Tun ranar da na ɗora ido a kan dutsen nan na ƙudurta a raina cewa ko garin zai kife, ƙurarsa ba za ta taɓa min yarinya ba.

Ƙauyenmu yana arewa da Kano, idan ka miƙi hanyar Kunci. Baƙo zai ɗauka gari ɗaya ne aka watsa a cikin gonaki, domin ba mu da daji ko na zagayawa. Gona tana ƙarewa wata ta ɗora, layin gamba ko 'yan itatuwan lalle su ne iyaka. Saboda ƙarancin ƙasar nan, mu ba mu iya zubar da abu ba. Tokar murhu, kashin awaki, sharar tsakar gida, ɓawon gyaɗa, duk a juji ake tara su, da rani a loda a mangala jaki ya kai gona. Kara ya zama danga, in ya tsufa ya shiga murhu, tokarsa ta koma inda ya fito. Amaryar da aka kawo daga birni ta taɓa watsar da ruwan wankin gero a ƙasa alhali ga awaki suna kallonta, sai da aka yi mako ana ba da labarinta a gidajen suna.

Maza kuma suna da nasu tsarin. In an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, sai su tafi cin rani, wasu Kano dako da tura ruwa, wasu su bi motocin dabbobi zuwa kudu. Amma hadarin farko yana haɗuwa za ka ga ana sauke su a bakin titi da ƙullin kayansu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin namiji mai lafiya ya bari an yi shuka ba ya nan ba, sai a shekarar da nake ba da labari.

A ranin ne aka ce zinare ya ɓulla a wani daji can yamma da mu, tafiyar yini guda a mota. Wani ɗan garinmu da kowa ya sani da facin taya ya dawo a kan sabon babur, waya biyu a hannu, yana rabon goro kamar an yi masa haihuwa. Shi ke nan, an gama da mu. Mai shayin bakin kasuwa ya kife teburinsa. Wanzami ya rataya zabira ya bi su. Magina suka bar katangar masallaci a rabi. Malamai biyu a makarantar firamaren da nake koyarwa suka ce za su je gaisuwar mutuwa, har yau ba su dawo daga gaisuwar ba. Ladaninmu ma, bawan Allah mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya kora, sai ji muka yi wani tsoho yana kiran salla yana tari. Maigidana da ƙannensa biyu suna Kano a lokacin, daga can suka wuce, saƙon baki kawai aka kawo mana.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba da la'asar. Washegari na fito zan tafi makaranta, sai na tsaya a bakin hanya baki sake. Gonaki sun jiƙe sharkaf, ƙasa tana ta ƙamshi, amma duk inda na duba tsofaffi ne da mata. Ga surukina can, wanda muke kira Baba, yana saran shuka da sungumi, ya yi uku ya tsaya ya dafe ƙugu. Matarsa Inna tana biye da shi da ƙwaryar iri, tana zubawa tana takewa da diddige. Tsohuwar nan rabonta da shiga gona tun kafin a kawo ni gidan. Wallahi sai da hawaye ya zubo min, kuma ba na tausayi kaɗai ba ne, har da tsoro.

Tsoron yana da tushe. Lokacin da nake kwalejin horar da malamai a Kano, wani malamin tarihi ya taɓa ba mu labarin yadda aka gano zinare a wani yanki na Amurka da ake kira Kalifoniya, shekaru fiye da ɗari da hamsin da suka wuce. Ya ce manoma sun bar amfani a gona, masu kanti sun rufe, jirgin ruwa yana isowa gaɓa ma'aikatansa za su tsere su bar shi yana ruɓewa a tasha. Mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina, har daga ƙasar Sin. Ɗan ƙaramin gari ya zama birni, abinci ya yi tsadar hauka, 'yan asalin wurin kuma aka raba su da ƙasarsu, aka kashe na kashewa. Mu kuwa muna ta dariya a aji, muna cewa ashe Turawa ma suna zaucewa. Ni har na juya na ce wa ƙawata, mutumin garinmu da damina ko kujerar Makka ake rabawa sai ya gama noman farko zai je karɓa. To ga shi ina kallon abin a ƙofar gidanmu. Abu ɗaya kuma da ya zauna min daram daga darasin nan shi ne zaiba, wani farin ruwa mai nauyi da ake kama zinare da shi. Malamin ya ce guba ce, kuma har yanzu tana kwance a ƙarƙashin kogunansu.

Bayan an yi noman farko maza suka fara dawowa, amma ba don gona ba. Da buhuna suka zo. Wai can dajin ya cika maƙil da baƙi, na Nijar, na Mali, da waɗanda ba a ma jin yarensu. Masu injin niƙa suna tsawwalawa, ɓarayi kuma ba sa barin mutum ya runtsa. Sai wani mai dabara ya ce ai ga mata a gida, ga turmi, ga rijiya. Daga nan motocin da suka saba kawo mana takin zamani suka koma sauke dutse.

Maigidana ya dire nasa buhun a gindin rumbu. Ya rame ya yi baƙi, idanunsa jajur, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya kwance buhun ya ɗauko wani dutse fari mai ratsin toka-toka, yana ƙyalli in rana ta taɓa shi.

"Malama, kin ga arziki," ya ce da ni. Haka yake kirana tun da na fara koyarwa.

Na ce, "Na dai ga dutse. Gero fa? Baba ne yake maka noma da ciwon bayansa."

"Bana ko ba mu kama fartanya ba, shinkafa za mu ci."

"To Allah ya sa. Amma don Allah kada a buɗe shi kusa da yarinyar nan."

Ya yi dariya ya ce boko ya sa ni tsoron tsakuwa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda matan garinmu suka karɓi dutsen nan tamkar wani sabon hatsi. Babu wanda ya koya musu komai, hannunsu ya riga ya san aikin. A farfasa da guduma, a zuba a turmi a daka, a tankaɗe da rariya, tsakin a mayar turmi. Mai injin niƙan garin ya ware safiya don dawa, yamma don dutse, kuma inji ɗaya ne. Garin dutsen sai a zuba a tasa a rege shi da ruwa yadda ake rege shinkafa, har mai nauyin ya kwanta a ƙasa. Shi ne maza za su murza da zaiba, su ƙona a cokali, sai ga ɗan abu rawaya bai fi ƙwayar dawa ba. Abin da ya rage bayan an rege, wani lallausan yashi mai ƙyalli, mata suka sa masa suna dusa, aka riƙa tara shi a bayan ɗakuna. Zubarwa ko a mafarki ba ta zo wa kowa ba.

Masu ƙuli-ƙuli suka kife kasko. Tsohuwar da ke mana daddawa ta ce ita ma ta gaji da wari. Ƙwan zabi da muke dafa wa yara ya zama na sayarwa, don masu sayen zinare sun fara zuwa suna yini a bakin kasuwa da ɗan ma'auninsu. Babura suka cika gari, kowace Juma'a da ɗaurin aure, rufin kwano yana ta tashi. Da hantsi in ka tsaya a tsakar gida ba ka jin komai sai lugude ta kowace kusurwa, wata farar ƙura tana tashi tana sauka a kan tulu, a kan shanyar kuɓewa, a kan gashin idon yara.

Ni kuwa na zama 'yar sandar gida. Gidanmu babba ne, sassa huɗu, kuma faccalolina biyu, matan ƙannen maigidana, duk sun shiga dakan. Na hana a yi a sashena. Na ja turmina na ɓoye a bayan ƙofa. Na daina kai niƙa inji, na tono tsohon dutsen niƙan Inna na koma gurzawa da hannu har kafaɗata ta yi tsami. In na ga an fito da kwalbar zaiba, sai in suri 'yata in bar gidan. Ƙaramar faccalata, wadda muke wasa da ita ƙwarai, ta laƙaba min likitar gida.

"Yaya, wai dutsen cizo yake yi ne?" in ji ta wata rana. Tana daka da goyo a bayanta, ƙura ta yi wa jaririn furfura.

Na ce, "Ki sauke yaron nan ki kai shi ɗaki, don girman Allah."

"Mu da muka tashi muna cin ƙasa, ga mu nan garau."

Na ce ai shi ya sa kan naku yake haka. Muka yi dariya, ta ci gaba da dakanta. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina ji da kaina. Gani nake duk garin ni kaɗai ce mai ido.

Da auta ta fara rarrafe sosai sai na kafa doka, ba za ta sauka tsakar gida ba. In zan tafi makaranta Inna ta zo ɗakina ta zauna da ita, a saki asabari. Inna ba ta yarda da tsorona ba, amma tana son jikarta, kuma ƙarar turame ta ishe ta. Matsalar ita ce ɗakin nawa. Simintin ƙasan ya daɗe da farfashewa, ya yi ramuka, cinnaku suna fitowa, yarinya tana ƙwaƙular ɓaraguzai tana kaiwa baki, gwiwoyinta duk sun kurje. Na yi wa maigidana magana ya ce to. Amma siminti ya zama sai wane da wane saboda gine-ginen da ake ta yi, magina kuwa duk suna cikin rami can yamma.

Inna ce ta ce, "Ke da za ki ji tawa, da an yi miki daɓe irin namu na da. Wanda aka yi min ina amarya ga shi can, ko tsagewa bai yi ba."

Daɓe aikin mata ne, kuma a lokacin an kusa mantawa da shi. Ana fasa tsohuwar ƙasar ɗaki a shimfiɗa marmara, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowacce da madaɓinta na itace, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta haɗe. Sannan a jiƙa makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a riƙa yayyafa ruwanta ana sake bugu, har daɓen ya yi ja mai duhu yana sheƙi. Na yi murna da shawarar. Inna ta gayyato tsofaffi biyar, ni kuma na yi musu dambu da zogale.

Ranar Asabar da hantsi aka fara. An shimfiɗa marmara an yi bugun farko, sai ɗaya daga cikin tsofaffin ta shafa da tafin hannu ta ce saman yana son lallausan yashi ya cike ƙofofin, in ba haka ba zai yi kaushi ya ci gwiwar yarinya. Yashi kuwa sai rafi, rafi kuma ya kawo, tsakiyar damina ce. Ina tsaye a bakin ƙofa da auta a bayana, sai idona ya sauka a kan tarin dusar dutse a bayan ɗakin faccalata. Ruwan sama ya wanke shi tas, rana ta haska shi yana walƙiya, ga laushi kamar garin tuwo.

Na tsaya na yi tunani irin namu na 'yan boko. Abin da na sani guba shi ne zaiba, wannan tarin kuwa tun kafin a kai ga zaiba aka ware shi. Ƙura nake gudu, wannan kuwa an wanke shi ya fi sau uku, kuma za a danne shi da makuba. Ga shi a zube ba ya amfanar kowa, abin da ɗan garinmu ba ya iya gani ya kau da kai. Sannan akwai gaskiyar da na daɗe ban faɗa ba: ƙyallin ya ba ni sha'awa.

Na ce, "Inna, wancan fa?"

Inna ta ɗago ta dube ni. "Au, ke da ko ganinsa ba kya son yi?"

"Ai wannan wankakke ne."

Ni na ɗauko kwando da hannuna. Sahu shida na yi.

Daɓen ya yi kyau, kada in yi ƙarya. Ja ne mai duhu, in hasken taga ya faɗo a kansa sai ka ga ƙananan taurari. Mata suka riƙa zuwa kallo daga wasu gidaje. Faccalata ta riƙe haɓa ta ce likitar gida ta fi kowa wayo, ba ta yi daka ba amma ga ta tana kwana a kan zinare. Na ajiye yarinyata a kai raina fes. Ta yi ta rarrafe daga bango zuwa bango, tana marin ƙasa da tafin hannu, tana mayar da hannun baki. A ɗakin nan ta koyi tsayuwa, a nan ta koyi tafiya, a nan take cin ɗan tuwonta, in loma ta faɗi ta tsince abarta. Ban hana ba. Ɗakina ne, kullum sau biyu nake share shi. Da rani ya shigo na lura tsintsiya tana taso wani ɗan gari mai laushi daga saman daɓen, sai na ce sabo ne, zai daina.

Agwagi ne suka fara mutuwa, waɗanda ke wasa a kwatamin da ake zubar da ruwan regiya. Aka ce annobar kaji ce. Sai jaririn ƙaramar faccalata ya kama jijjiga, kwana biyu ya koma ga Mahaliccinsa. Aka ce zazzaɓi ne. Sai yara biyu a gidan maƙwabta, sai wata a bayan kasuwa. Wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska ce ta biyo dutsen daga daji. Aka yi saukar Alƙur'ani, aka raba sadakar gumba. Ina zuwa gaisuwa ina kuka tare da iyayen, kukan gaske, amma can ƙasan zuciyata, Allah ya yafe min, wata murya tana cewa ai na faɗa. Na koma gida na ƙara tsaurara doka, na ce auta ko bakin ƙofa kada a bari ta leƙa.

Tana da shekara ɗaya da wata takwas a lokacin. Ta iya cewa Inna, ta iya cewa ruwa, tana kwaikwayon tarin Baba mu yi ta dariya har shi kansa. Sai ta fara ƙin abinci, cikinta ya ɗaure, ga kuka ba gaira ba dalili. Muka ce haƙori ne. Na sayo maganin zazzaɓi na ba ta. Daga nan na lura kalmominta suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. In ce ta ce Inna, sai ta zuba min ido kawai. Wata Talata na dawo daga makaranta da azahar, tun daga zaure na jiyo salatin Inna. Na tarar da yarinya a cinyarta ta sandare, idanu sun juye, hannu da ƙafa suna karkarwa.

Allah ya sa maigidana yana gari. Ya ɗauke mu a babur zuwa asibitin da ke kusa, daga can aka tura mu Kano. Aka ɗebi jini. Bayan kwana biyu wata likita mai gilashi ta kira ni gefe ta tambaye ni ko ana dakan dutsen zinare a gidanmu. Duk da tashin hankalin da nake ciki sai da na gyara tsayuwa. Na ce ana yi, amma wannan yarinyar ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa wajen ba. Ta ce gubar dalma ce a jininta, kuma mai yawa. Ta ce dalmar a cikin dutsen kansa take, ba ruwanta da zaiba, kuma wanki ba ya fitar da ita. Na ji maganar da kunnena, amma ban haɗa ta da komai ba, ko kuma in ce na ƙi haɗawa. Na yi ta rantse-rantse cewa jinin wani aka auna.

Muna asibitin aka tura ma'aikatan lafiya ƙauyenmu, don ba mu kaɗai aka kwantar ba. Ranar da na zo gida ɗaukar kaya na bar babbar faccalata a wajen auta, sai na tarar da su a gidanmu. Suna da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, a ɗora bakinta a ƙasa ta nuna lamba. Sun auna gindin turame, sun auna bakin rijiya, suna ta girgiza kai. Ni da kaina na ja su zuwa ɗakina. So nake su ga tsaftata, su gaya min ta wace kafa abin ya shigo. Ɗaya daga cikinsu ya cire takalmi ya durƙusa ya ɗora na'urar. Ya duba, ya goge fuskarta da hannun riga, ya matsa kusa da gado ya sake ɗorawa. Sai ya kira abokin aikinsa ya nuna masa.

"Hajiya, da me aka yi wannan daɓen?"

Inna tana tsaye a bayana, ita ce ta amsa a hankali, "Da dusa ne, ɗan nan."

Ya ce, "Inna, nan ai ya fi gindin turmin. Akwai yaron da yake zama a ɗakin nan?"

Na sulale na zauna a ƙasa. Wata goma. Wata goma cur ina rufe ta a nan safe da yamma, ina faɗa da duk wanda ya ɗaga asabari. 'Ya'yan mutane da nake wa gani-gani suna fita ƙofar gida, suna zuwa gona, suna shan iska. Tawa ni na tsare ta a kai, kuma ni na kwaso da kwando. Ban yi kuka ba a lokacin, mamaki ya hana ni. Ina dai kallon ƙyallin nan a tsakanin yatsuna, ina jin Inna tana ta maimaita innalillahi.

A ranar maigidana ya fasa daɓen da digar da yake haƙar zinare da ita. Bai ce min uffan ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Inna kuwa duk wanda ya zo jaje sai ta tare shi ta ce ita ta kawo shawarar daɓe, tsufa ne ya ja mata. Na bar ta ta faɗa sau biyu, a na uku na ce a gaban mutane, "Inna, ki daina. Ke marmara kika ce. Ni na ce a sa dusa."

Aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida, ana durawa a buhuna ana kaiwa nesa a binne. Har juji ba a bari ba. Baba ya tsaya da sandarsa yana kallo ana loda takin shekara guda a mota za a je a zubar. Zinaren ma bai yi wani daɗewa ba. Ramuka suka yi zurfi, wasu suka rufta da mutane, 'yan bindiga suka shiga dajin. Wasu mazan suka zarce gaba, Nijar ko Mali, sai dai a ji muryarsu a waya in salla ta zo. Wasu suka dawo ba su da gonar komawa don sun sayar sun sayi injin haƙa, yanzu suna unguwar Rijiyar Zaki a Kano suna gadin gine-ginen mutane. Maigidana yana cikin masu sa'a, ya tarar da gonarsa inda ya bar ta, saboda Baba ya ƙi yarda a taɓa ko taku ɗaya.

Auta ta rayu. Wata da watanni ana ba ta maganin da ke fitar da dalmar, ana ɗibar jini ana aunawa. Likitar ba ta ɓoye min ba, ta ce abin da gubar ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba duka yake dawowa ba. Sai da ta sake koyon tafiya, magana kuwa sai da ta shekara huɗu. Yanzu shekararta tara. Kyakkyawa ce, ga fara'a, ta san kowace akuya a gidanmu da halinta. Amma in ka koya mata harafi da safe, kafin azahar ya gudu.

Tana aji ɗaya, kuma ni ce malamar ajin, don na roƙi hedimasta ya bar min shi. Bana da aka gama zangon ƙarshe na zauna a ofis ina cike katin sakamako, har na zo kan nata. Na daɗe riƙe da biro. Hedimasta ya lura, ya ce in ina so a wuce da ita aji biyu, babu wanda zai ce komai. Na ce a'a, can ba za ta gane komai ba, kuma ba na nan. Na rubuta za ta maimaita aji, karo na uku ke nan, na sa hannu.

A makaranta Malama take ce min kamar sauran yara, a gida kuma Umma, a wurinta kamar mutum biyu ne daban. Da na raba katin a aji, ta durƙusa ta karɓi nata da hannu biyu. Muka taho gida tare, tana gaba tana rungume da shi a ƙirji, ta ƙi yarda in riƙe mata. Muna shiga na ajiye jaka na cire hijabi, sai ta zo ta tsaya a gabana ta miƙo min.

"Umma, Malama ta ce a ba ki."

Na karɓa na buɗe, na kalli rubutun hannuna.

"Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce tana son ki sosai, shi ya sa ba za ta bari ki tafi wani aji ba."

Ta daka tsalle, ta fizge katin ta fita da gudu za ta nuna wa Inna. Ina zaune a bakin gado ina jin ta a tsakar gida tana ƙoƙarin maimaita maganar, in ta kai rabi ta ɓace mata, sai ta sake komowa farko.